Roƙon tallafi daga kwamitin Islamiyyarmu kan ruwan sha da hayaƙi

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu, tsofaffin ɗalibai da duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi. Mu ne kwamitin makarantar Islamiyyar unguwa, wadda ke nan gangaren rafin Getsi a Kano, kuma dan Allah a daure a karanta har ƙarshe duk da ya ɗan yi tsawo.

Duk wanda ya taso a ɓangaren nan ya san Getsi. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun Bompai a cikinsa yake bi, ya je ya haɗe da Jakara, su gangara har madatsar Wasai a Minjibir. Wata rana ka gan shi baƙi ƙirin, wata rana ja-ja, wata rana da kumfa a kai kamar an zuba omo, warin kuwa da zafin rana ba a magana. Dattawanmu suna ba mu labarin cewa majema na da da bagaruwa da toka suke jimar fata, abin da ya fito daga ƙasa ya koma ƙasa. Da jima ta koma ta inji sai aka shigo da sinadarai irin su kuromiyom, wanda ba ya ruɓewa, yana nan a cikin laka shekara da shekaru, kuma da ruwan nan ake ban ruwan latas da alayyahu da karas ɗin da muke saya a kasuwa mu kai gida.

Ba wai hukuma ba ta taɓa motsawa ba, gaskiya ta motsa amma sai bayan an ji jiki. A 1988 da aka gano sharar guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, jihar Delta a yanzu, shi ne gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, daga baya a 2007 aka kafa NESREA don ta dinga bin dokokin muhalli. A Zamfara ma a 2010 sai da gubar dalma ta haƙar zinare ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum kafin aka zo aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka fara yi wa yara magani, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Malaminmu na kimiyya ya ce ko Turawa haka suka yi, a Landan a watan Disamba 1952 hayaƙin kwal ya rufe gari kwana biyar ya kashe dubban mutane, sai a 1956 suka yi dokar tsaftace iska. To mu dai ba ma so sai mun ɗauki gawar yaro sannan mu tashi.

Rijiyar makarantar nan tun kafin a gina ajujuwan take, ba ta da zurfi, kuma da damina in ruwa ya tumbatsa launinta canzawa yake yi. Akwai ranar da ɗaya daga cikinmu ya tsaya yana kallon wata 'yar aji ɗaya ta ja guga da ƙyar, ta tace da gefen hijabinta ta sha, da aka duba hijabin sai ga shatin baƙi a jiki. Wallahi ranar jikin kowa ya yi sanyi. Mun hana sha daga rijiyar, muna sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, amma su ma ba mu san inda suke ɗebowa ba kuma kuɗin yana cin asusun makaranta, in ruwan ya ƙare kafin la'asar yara rijiyar suke komawa a ɓoye, yaro ne ƙishirwa ta dame shi.

Sai maganar hayaƙi. Janaretonmu a bayan tagar ajin hadda yake don babu wani fili, in an tayar da shi karatun dare yaran da ke kusa da taga tari suke yi har a tashi, masu asma kuma iyayensu sun fara hana su zuwa. Ga bolar da ke jikin katanga da ake banka wa wuta da yamma, leda ce da roba da tsohuwar taya, kuma mu faɗi gaskiya har da sharar makarantar a ciki, laifin nan da namu.

Gyaran Getsi ya fi ƙarfinmu, wannan na gwamnati ne da masu masana'antu kuma za mu ci gaba da kai kuka. Abin da muke iyawa shi ne cikin katangarmu. Muna so a haƙa burtsatse mai zurfi a sa masa famfo mai aiki da sola da tanki a sama, a kai ruwan ɗakin gwaji a tabbatar da lafiyarsa kafin yaro ko ɗaya ya sha, don zurfi kaɗai ba ya nuna ruwa mai kyau ne. Solar nan ita za ta ba ajujuwa wuta da fanka, mu huta da janareto gaba ɗaya. Tsohuwar rijiya a rufe ta da siminti. Bolar kuma mun yi magana da mai unguwa da maƙwabta a kwashe ta, a ajiye durom-durom, a samu masu kura su dinga kwashewa duk mako. Za a fito da kan famfo biyu waje don maƙwabta su ma su ɗiba kyauta.

Kun fi mu sanin falalar shayar da ruwa a addini, wanda yake son ya yi wa mahaifansa da suka rasu sadaka mai gudana ga dama nan. Kar wani ya raina abin da ke hannunsa, ko kuɗin buhun siminti ɗaya ne, ko bututu, ko durom, mai aikin famfo ko wayar wuta ya zo ya ba mu ƙarfinsa rana guda ma mun gode. Takardar kiyasin kuɗin aikin tana manne a allon sanarwa na ƙofar makaranta kowa ya zo ya duba.

Ana karɓar gudummawa a ofishin shugaban makaranta daga Asabar zuwa Laraba bayan la'asar, da kuma ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, kuma a tabbatar an karɓi rasit. Iyaye mata su miƙa ta hannun malaman ɓangaren mata. Duk ƙarshen wata za mu manna abin da ya shigo da abin da aka kashe. Muna fatan a fara haƙa kafin ruwan farko ya sauka in sha Allahu, a taimaka a tura wa tsofaffin ɗalibanmu da suka bar unguwa. Allah ya saka da alheri.