Takaddamar Inshorar Tazarar Haihuwa a Amurka: A Duba Wanda Ke Biyan Kuɗin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi ƙarin bayani kan wata takaddama da ake yawan taƙaitawa a labaran Amurka, wato ta masu kamfanonin da ke cewa addininsu ya hana su sanya magungunan tazarar haihuwa cikin inshorar lafiyar ma'aikatansu. Yadda ake kawo labarin, sai mai karatu ya ɗauka zaɓi biyu ne kawai: a tilasta wa mai kamfani ya saɓa wa imaninsa, ko a bar ma'aikaciya ta biya da aljihunta. Akwai hanya ta uku, kuma a kanta aka fi fafatawa.

A Amurka yawancin ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshora. Dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Maris na 2010 ta wajabta biyan kuɗin rigakafi ba tare da an caji mara lafiya ko kwabo ba, kuma daga Agustan 2012 aka haɗa da hanyoyin tazarar haihuwa na mata. Coci-coci an tsame su tun farko. Wanda ya ƙi bin ƙa'idar kuwa, tarar dala 100 ce a kullum a kan kowane mutum da abin ya shafa. Ga kamfanin Hobby Lobby na iyalan Green da ke Oklahoma, mai ma'aikata kusan 13,000 a lokacin da ya kai ƙara kotu kan ƙa'idar, lissafin ya kai wajen dala miliyan 475 a shekara.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne iyalan Green ba duka hanyoyin suka ƙi ba. Cikin guda 20 da hukumar magunguna ta FDA ta amince da su, huɗu suka ƙi: ƙwayoyin gaggawa biyu, Plan B da ake sha cikin awa 72 bayan saduwa da ella da ke kaiwa awa 120, sai robar mahaifa iri biyu. Hujjarsu ita ce waɗannan na iya hana ƙwan da ya riga ya haɗu da maniyyi kama mahaifa, abin da suke ɗauka zubar da ciki. A Disamban 2022 FDA ta gyara takardar bayanin Plan B, ta ce aikinsa jinkirta fitar ƙwai ne, ba ya hana kamawa. Sai dai kotu ba ta auna ingancin imanin mutum da ma'aunin likita, tana duba ko da gaske yake riƙe da shi.

Ranar 30 ga Yunin 2014 Kotun Ƙoli ta ba kamfanin gaskiya da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, bisa dokar kare 'yancin addini ta 1993. Mai shari'a Alito, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya kafa hujja da cewa gwamnati tana da hanya mafi sauƙi da ta riga ta buɗe wa ƙungiyoyin agaji na addini. Ga yadda take aiki: mai kamfani zai cike fom mai lamba 700, ya bayyana cewa addininsa bai yarda ba, ya aika wa kamfanin inshora. Daga nan kamfanin inshora ya cire wannan ɓangare daga tsarin mai kamfanin, ya biya wa ma'aikaciya kai tsaye daga wani asusu dabam, ya kuma aika mata takardar sanarwa. Ko sisin mai kamfani ba ya shiga. A ganina wannan sulhu ne na adalci, ya kuma dace a riƙe shi.

Inda aka samu cikas biyu ne. Na farko, wasu ƙungiyoyi irin su Little Sisters of the Poor, matan Katolika masu kula da tsofaffi, sun ce cike fom ɗin ma taimakawa ne ga abin da suke ganin zunubi. Na biyu, ƙa'idojin gwamnatin Trump na 2018 sun mayar da fom ɗin ganin dama, suka kuma faɗaɗa rangwamen har ga masu hujjar ɗabi'a ba ta addini ba. A Yulin 2020 Kotun Ƙoli, da rinjayen bakwai a kan biyu, ta ce hukumomin suna da hurumin yin haka. Gwamnatin da kanta ta ƙiyasta mata tsakanin 70,500 zuwa 126,400 za su rasa wannan kariya.

Nauyin kan mai ƙaramin albashi yake sauka. Mai shari'a Ginsburg, ɗaya daga cikin alƙalai huɗun da suka saɓa wa hukuncin 2014, ta nuna cewa kuɗin sa robar mahaifa ya kusa albashin wata guda na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wanda a matakin tarayya yake dala 7.25 a awa tun 2009. Macen da ke aiki a kanti tana lissafin kuɗin kaya, wadda likita ya ce ta huta bayan tiyatar haihuwa, ita ce za ta koma hanyar da ta fi araha ko da ba ita ta dace da jikinta ba. Dokar jiha ma ba lallai ta cece ta ba, domin manyan kamfanonin da ke biyan kuɗin jinya daga asusunsu suna ƙarƙashin dokar tarayya ta 1974, wadda dokokin inshora na jihohi ba sa taɓawa.

Ginsburg ta kuma tambayi inda za a ja layi: mai kamfani ɗan Shaidun Jehobah da bai yarda da ƙarin jini ba, ko Musulmi da Bayahude da ke ƙin maganin da aka haɗa da sinadarin alade, su ma za su iya cire waɗannan daga inshorar ma'aikacin da ba addininsu ɗaya ba? Don haka ina roƙon duk lokacin da za ku kawo wannan labari, ku faɗa wa masu karatu ko kamfanin ya cike fom ɗin ko ya fice gaba ɗaya, domin a nan ne ake sanin ko ma'aikaciya za ta biya.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum.