Zuwa ga mutumin Kumasi

Assalamu alaikum mutumina,

Wato kai tun da ka samu shago a Zango ka koyi cin fufu shikenan ka manta da mutanen Kano ko? Wata biyar ba kira ba saƙo, sai dai in ga ka canza hoto a WhatsApp. Ya madam da yara? Bari in ba ka labarin da ya hana ni barci.

Ka san shekara nawa ina koyar da kemistiri da alli da baki kawai. In rubuta a allo su kwafa su haddace, ranar jarrabawa su juye min abina, bayan sati biyu ka tambayi yaro sai ya tsaya yana kallonka. Ka tuna ɗakin Intro Tek ɗinmu, na darasin koyon fasaha, da muka gama makaranta ba mu taɓa ganin an buɗe akwatunan kayan aikin ba? To har yau haka abin yake. Ranar nan na gaji, na kwashi 'yan SS2 su 34 na kai su marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a wurin. Shugaban makarantarmu da ƙyar ya sa hannu, wai ɓata lokaci ne ga manhaja ba mu ci rabinta ba, kuɗin mota ma daga aljihuna.

Wallahi da ka ga abin da na gani. Wani dattijon marini ya zaunar da su a bakin rami ya nuna musu baba da toka da katsi, ya ce haɗin sai ya yi kwanaki ya ruɓa kafin ya kama, kuma da wari da kumfar da ta taso yake gane ya nuna. Ya ba wata yarinya farin ƙyalle ya ce tsoma, yarinyar nan da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ta tsoma ta ciro, ƙyalle ya fito kore-kore, muna tsaye a idonmu ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ta yi shiru can sai ta juyo ta ce Malam iska ce ta taɓa shi ko, shi ya sa Baba yake ta cirowa yana shanyawa yana mayarwa? Na yi zango guda ina bayanin yadda iskar oksijin ke canza abu bai shiga ba, ita ta gano da hannunta cikin minti biyar. Sai da na juya baya na share ido. Dattijon bai san sunan abin a littafi ba, amma aikin yana hannunsa tun yana yaro wurin babansa, ba wanda ya taɓa ba shi takarda ya haddace.

Af, na ji labarin ɗan gidan Liman ya ƙara aure, kai da ka rantse kai za ka riga shi, to ina kake? Mai shayinmu kuma ya koma bakin tasha, ya ce in tuna maka bashin ƙwai biyu yana nan a rubuce.

Da muka dawo yaran suka hana ni sakat. Ba mu da takardar gwajin asid a ɗakin gwaji, sai na ce kowa ya zo da zobo daga gida. Muka matsa lemon tsami a kofi ɗaya ya ƙara ja, muka zuba ruwan toka a ɗayan ya koma kore, aji ya kaure da ihu har malamin lissafi ya leƙo ya zaci faɗa ake. Yanzu su ke kawo abubuwa da kansu, kanwa, omo, tsamiya, wani har ruwan rijiyar gidansu, suna gardama kan me zai fito kafin a zuba.

Damuwata ɗaya ce, WAEC ba ta jira, kuma irin wannan koyarwar tana cin lokaci sosai, darasin kwana ɗaya sai ya ci sati. Wani uba ma ya zo har makaranta da faɗa wai an ɓata rigar ɗansa da shuni, ya turo shi boko an mayar masa da shi marini. Abin ya min ciwo amma ba zan fasa ba, zango mai zuwa wurin maƙera nake so mu je, in shugaba ya yarda.

Don Allah kai da ke kusa da masu saƙar kente, ka ɗauko min bidiyon yadda yaransu ke koyo a gaban manya, ina so 'yan ajina su gani. Ka gaida madam, ka shafa min kan auta. Gwaggo tana ta tambaya ko za ka zo babbar sallah.

Naka har kullum,
Abokinka na Kano