Kan batun gidan tsofaffin da za ku kai Baba

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Wato sai da batun Baba ya taso ka tuna kana da aboki, ko? Wannan shari'ar na ajiye ta, ban yafe ba.

Na ga hotunan gidajen biyu da ka turo kana tambayar wanne ya fi. Rabu da fenti da furanni. Ni faɗuwa nake ji wa tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu shekara 65 zuwa sama, kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari kan faɗi a kowace shekara, a gidajen kula da tsofaffi kuwa abin yakan kai kashi 30 zuwa 50. Tsoho in ya karye a ƙugu, da yawa ba sa komawa tafiya kamar da. To, in ka je, banɗaki za ka fara shiga. Ka kama ƙarfen da ke jikin bango kusa da masai ka jijjiga, ka tabbata na dafawa ne, ba na rataye tawul ba. Ka duba ko akwai fitilar dare daga gado zuwa ƙofar banɗaki. Silifa kuma a raba shi da ita, a sa masa takalmi mai kama diddige, ko da zai yi ta faɗa. Na san zai yi, ai a wurinsa ka gado taurin kai.

Ka gwada shi da kanka: ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. In ya ci daƙiƙa 12 ko fiye, a nema masa mai gashin ƙashi tun yanzu.

Sai magunguna, inda aka fi yin sakaci. Ka tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, har wanda yake saya da kansa, ka kai wa likita. Da zarar sun kai biyar, a zauna a tace su. Maganin barci irin su diazepam yana sa jiri da layi, amma kada a yanke shi farat ɗaya, likita ne zai riƙa ragewa a hankali. A auna jininsa yana kwance, sannan bayan ya miƙe da minti 1 da minti 3. In lambar sama ta awon ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, ka gano dalilin duhun da yake gani in ya tashi.

  

Wani abu: in wata rana aka ce maka Baba ya rikice, ko ya koma yawan barci ba ya gane mutane, kada ka yarda a ce tsufa ne. Ciwon mantuwa sannu yake shiga, wata da watanni. Rikicewar kwana ɗaya ko biyu tana da sanadi: ciwon huhu, cutar mafitsara, bayan gida da ya ƙi fita, sabon magani, ko ƙarancin ruwa, don tsoho ba ya jin ƙishi kamar mu. A ranar ya kamata likita ya gan shi.

A riƙa ɗora shi a sikeli kowane wata. Mai kilo 60 in ya zubar da kilo 3 a wata guda, a duba haƙoransa da haɗiyarsa, a kuma duba ko shi kaɗai yake cin abinci a ɗaki. Kaɗaici ma yana hana ci.

Ka tambayi masu gidan ma'aikaci nawa ke kwana da dare, sannan ka danna ƙararrawar gado ka ga minti nawa kafin wani ya leƙo.

Turo min hoton kwalayen magungunan, ba hoton lambu ba. Ka gaida Baba da maman yara, ka kuma riƙa ɗaukar waya.

Naka har kullum.