Wasiƙa Ga Iyaye: Babu Yaron Da Za A Kai Malabo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da masu riƙon yara, muna gaishe ku, da fatan kowa ya wuni lafiya da iyali.

Wasiƙar wannan wata ta zo da wuri, kuma kun san dalili. Tun ranar Talata wayata ba ta huta ba. Wai makaranta za ta kwashi 'yan aji biyu na babbar sakandare ta kai su wani tsibiri mai dutsen da ke aman wuta, wai har an fara karɓar kuɗin fasfo. Ranar Laraba da sassafe na tarar da wata dattijuwa zaune a kan tabarma bakin ofishina, ta riƙe hannun jikanta gam. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, mi nike ji? Wuta za ku kai muna ɗiya?" Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, ko Jega ba za shi ba." Ba ta saki hannun yaron ba sai da na kai ta ɗakin gwaje-gwaje ta ga dutsen da idonta: na laka ne, tsawonsa bai wuce gwiwa ba.

To ku ji daga bakina. Babu tafiya Malabo, babban garin tsibirin da ake magana. Ba mu nemi ko sisin kowa ba, kuma duk wanda ya zo muku da sunan makaranta yana neman kuɗin fasfo ko na jirgi, ku riƙe shi ku kira ni. Tafiya ɗaya ce a wannan zango, ita ce ta Argungu, gidan tarihi na Kanta da Matan Fada, wadda aka amince da ita a taron iyaye da malamai. Da a ce an cika wancan taro, da wannan magana ba ta taso ba. Kujerun da muka ɗauko haya ranar, rabinsu ba wanda ya zauna a kai, amma saƙon WhatsApp da ba a san wanda ya rubuta shi ba ya zagaye Birnin Kebbi kafin azahar.

Abin da ya faru shi ne, malamarmu ta labarin ƙasa ta ba ajin aiki: su ɗauka su ne masu yi wa baƙi jagora a tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, su tsara wa baƙo inda zai je da abin da zai gani. Yara suka shiga aikin da zuciya ɗaya har suka koma gida suna cewa "mu 'yan Malabo ne", daga nan zance ya yi fiffike. Ban ga laifinsu ba. Malamar kuma yabo ta cancanta, don mako uku ke nan tana tsayawa bayan an tashi, kuma kwalayen da aka yi taswira da su daga aljihunta suka fito. Allah ya saka mata da alheri.

Wani uba ya tambaye ni me ya haɗa ɗan Kabi da tsibiri, alhali ko teku bai taɓa gani ba. Tambaya ce mai kyau, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Biyoko ba nisa gare shi ba. Daga Kalaba zuwa Malabo kusan kamar daga nan ne zuwa Sakkwato, kuma tsakaninsa da gaɓar Kamaru kilomita 32 ne kacal. Dattawan da suka yi makaranta da daɗewa sun san shi da Fanando Po, sunan Baturen Fotugal da ya iso wurin a 1472. Dubban 'yan Najeriya sun yi ƙwadago a gonakin kokonsa, har gwamnati ta kwaso su a tsakiyar shekarun 1970 saboda azabar da suke sha. Tsibirin gaba ɗaya aikin wuta ne: narkakken dutse ya yi ta fitowa daga ƙarƙashin teku yana daskarewa, wani kan wani, har ya keto ruwa ya zama ƙasa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Yana kan layi ɗaya da tsibirin Sawo Tome da Dutsen Kamaru, layin ya shigo tudu har tsaunukan Biu a jihar Barno. Wato abin da yaran ke karantawa ya taɓo ƙasarmu.

Ranar baje kolin aikin yaran, rukunin farko za su fara hawa da ku Fiko Basile, dutsen da ya fi ko'ina tsawo a ƙasar, mita 3,011. Rabonsa da aman wuta tun 1923. Akwai titin mota har kusa da ƙololuwa, amma sai da takardar izini, kuma shawarar da yaran suka rubuta wa baƙonsu ita ce ya yi sammako, don da hantsi ya yi hazo ke rufe komai. Idan gari ya washe ana hango Dutsen Kamaru a tsallaken ruwa. Sun kuma ce ya riƙe rigar sanyi. Wani ɗalibi ya yi mini gardama a kan wannan, wai ƙasar da ke dab da tsakiyar duniya ina ita ina sanyi. Malama ta sa shi ya yi lissafi da kansa: duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri shida. Da ya ninka sau uku sai ya yi shiru. Wannan shirun ya fi mini maki goma.

Rukuni na biyu na garin Moka ne, can kan tudu, inda iska ke da sanyi ana noman kayan lambu. Daga nan baƙo ke takawa da ƙafa zuwa tafkin Biyawo, ruwan da ya taru cikin tsohon bakin dutse bayan wutar ta mutu, sai kuma mafaɗar ruwa ta Iladyi. 'Yan ƙabilar Bubi, ainihin masu tsibirin, su ne 'yan rakiya, kuma yaran sun ja layi ƙarƙashin wannan: kada baƙo ya shiga dajin shi kaɗai.

Amma teburin da nake so kowa ya tsaya a kai shi ne na Ureka, ƙauyen da ke ƙarshen kudu. Ruwan da ke sauka can a shekara ya haura milimita 10,000. Mu nan, damina mai albarka ba ta cika kai mu 1,000 ba. Ku da ke noman shinkafa a fadama kun fi ni sanin ma'anar wannan lissafi. Yashin gaɓar tekun baƙi ne, don daskararren dutsen ne igiyar ruwa ta yi ta niƙawa. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu kunkurun teku iri huɗu ke fitowa da dare su haƙa rami a wannan yashi su zuba ƙwai, su rufe, su koma ruwa ba tare da waiwaye ba. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi teku da kansu. Mafi girma a cikin iri huɗun, mai bayan da ya yi kama da fata, kan kai nauyin buhun shinkafa goma. 'Yan matan da ke wannan rukuni sun rubuta dokoki da jan biro: ba a haska tocila, ba a ɗaukar hoto da walƙiya, ba a taɓa ƙwai, saboda haske na rikita uwar har ta fasa. Sun ɗinka kunkurun da tsohon buhu suka cusa masa ƙaiƙayi, sai mutum biyu ke ɗaga shi. A dajin da ke bayan ƙauyen akwai biri mai baƙar fuska da ake kira diril, wanda ya yi ƙaranci a duniya, irinsa kuma yana dazukan Kuros Riba.

Sauran teburan na masu son hutawa ne: farin yashi na Arena Balanka kusa da Luba, da gonar koko ta Samfaka, da yawo cikin Malabo inda tashar jiragen ruwan ke cikin bakin wani tsohon dutse da ya nutse. A teburin koko za ku ji yadda tokar aman wuta ta mai da ƙasar mai ni'ima, da yadda wani maƙeri Tete Kwashi ya ɗauki irin daga tsibirin ya dasa a ƙasarsu, Gana ta yau, a 1879. Ku shirya kuma, za a gaishe ku da Sifaniyanci, harshen gwamnatin ƙasar.

Yanzu maganar dutsen laka. Abin da ke tafasa a cikinsa kanwa ce da ruwan lemon tsami da ɗan garin sabulu, iskar da suke fitarwa ita ke turo kumfa waje. Da farko da zoɓo aka so a ba shi launin wuta, sai kanwa ta rikiɗa shi ya yi duhu, gwajin kuma ya ƙare a kan farar shaddar mataimakina. Ya yafe. Abin da ban yafe ba shi ne yaron da ya zo da ashana da kwalbar kananzir a jaka, wai yana son wutar gaske. Mahaifinsa ya zo mun yi magana, ba sai na ambaci suna ba. Ina roƙonku ku riƙa duba jakunkuna kafin yara su fito. Duk wanda aka sake kamawa da ashana, fetur ko abin fashewar nan na wasan Sallah, zai zauna gida mako biyu, ko ɗan wane ne.

Baje kolin ranar Asabar ta ƙarshen wata ne, ƙarfe tara na safe, a babban ɗakin taro, za a tashi kafin azahar. Shiga kyauta ne. An tanadi ɓangaren mata. Mai tsohon kwali ko ɗan guntun kanwa ya aiko da shi kafin Alhamis. Ina so iyaye maza su zo da kansu, kada a turo ƙanin yaro a ce wakili ne. Inna ta riga ta ce a ajiye mata kujera a gaba.

Sauran a taƙaice. Ƙofa na rufewa ƙarfe takwas saura kwata, kuma maigadi umarnina yake bi, a daina yi masa faɗa. Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu. Jarrabawar gwaji ta 'yan aji uku tana nan yadda aka sanar. An gyara famfon ɓangaren 'yan mata, godiya ga iyayen da suka taimaka. Takardar izinin tafiya Argungu a dawo da ita da sa hannun uba ko mai riƙo kafin Litinin, wanda ba a ga tasa ba ba zai hau mota ba.

Wassalam.

Shugaban Makaranta