Ga masu shirin sa sola a gida

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu shirin kafa sola, ku gaya wa mai haɗawa farantan su fuskanci kudu, a karkace kaɗan, kamar digiri 10 zuwa 15, don ruwan sama ya riƙa wanke su. Ku lura da inuwa: reshen darbejiya ko tankin ruwa ya rufe gefen faranti ɗaya, wutar duk layin farantan da aka haɗa shi da su sai ta ja baya.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta da tausayi. A riƙa wankewa da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.

Gugar kaya da jan ruwan burtsatse a yi su da tsakar rana. Batirin ruwa, wato wanda ake ƙara wa ruwa, kada a zuƙe cajinsa ƙasa da rabi, zai mutu da wuri.