Wasiƙa daga Jidda

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, zafi ne kawai, shi ma jiki ya saba.

Na turo riyal 800 ta hannun mutumin nan na Kano. Riyal 500 na kwanon rufin coci ne, 300 na maganin Mama. Na kwanon ka kai wa ma'aji da kanka, ka karɓi rasit, ka turo mini hotonsa. Kada ya bi ta hannun Auta.

Maganar Autan ce ta hana ni barci. An ce ya miƙe a taron membobi yana ɗaga wa dattawa murya, wai DCC, majalisar cocin gunduma, ta ƙi mai da reshenmu LCC, wato coci mai cin gashin kansa, gara a ɓalle. Shi wa? Jiya-jiya aka yi masa baftisma. EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ba kasuwar ƙauye ba ce. Reshe yana zama ƙarƙashin LCC har ya iya riƙe fastonsa, magana ta hau DCC, abin da ya gagara a kai babbar Majalisa a Kwarhi, hedkwatarmu. Haka Baba ya yi ta bi a kan kekensa yana dattijo, takarda a aljihun riga, bai taɓa zagin kowa ba.

Ka tuna masa, a gindin tsamiya 'yan mishan Kulp da Helser suka fara sujada a Garkida, ran 17 ga Maris 1923, ba kwano ba benci. A 2014 Boko Haram suka shiga Kwarhi, shugabanni suka koma Jos, mu muka kwana a kan dutse, ekklesiya ba ta watse ba. Sai yanzu a kan suna?

Ni nan shekara uku ban ji ƙararrawa ba. Babu coci a ƙasar, Lahadi ma ranar aiki ce. Ran Juma'a nakan sa waƙoƙin zumuntar mata a waya, ƙasa-ƙasa. Abokan ɗakina Kanawa ne, mutanen kirki, kwano ɗaya muke ci. Bikin cikar EYN shekara 100 a cikin mota na kalla, ina jiran maigida a bakin kanti. Na san ni na tafi na bar muku ɗawainiya, ba sai an faɗa mini ba. Amma rabin bulon ginin nan gumina ne, Auta ya sani.

Wata mai zuwa zan sabunta iƙama, takardar izinin zama, ƙila abin da zan turo ya ragu. Kada Mama ta ji. Rasit ɗin, Yaya, kada ka manta.

Ƙaninka.