Wasiƙa daga Tawa: yaronmu, karatun lauya da labarin Tambuwal

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk ƴan Adar da ke tare da kai can Abijan. Mu nan Tawa lafiya lau, sai zafi da tsadar cimaka. Tsohuwa na gaishe ka, ta ce goron ya iso, Allah ya yi albarka.

Saƙonka ya same ni game da yaronmu. Ka ce ya kafe sai karatun lauya, kuma a Sakkwato yake so, wai don ya ga inda karatun ya kai Aminu Waziri Tambuwal: kakakin majalisa, gwamna, yanzu sanata. Ka nemi shawarata tun da ni ke kusa da iyaka. To bari in ba ka labarin mutumin yadda muke bin sa daga nan, kai ma ka auna.

An haife shi a garin Tambuwal a 1966. Ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gama a 1991, ya wuce makarantar horar da lauyoyi a Legas, aka rantsar da shi lauya a 1992. Bai daɗe yana sa baƙar riga ba. A 1999, da soja suka miƙa mulki, sai ga shi yana yi wa Sanata Abdullahi Wali hidima kan ayyukan majalisa. Can ya koyi yadda ake dafa magana a bayan fage kafin a kawo ta zaure. A 2003 mutanen Kebbe da Tambuwal suka tura shi majalisar wakilai a ƙarƙashin ANPP. Daga baya ya leƙa DPP ta Bafarawa, ya ƙare a PDP.

Abin da ya sa sunansa ya tsallako iyaka shi ne zaɓen kakaki na 2011. Jam'iyyarsa ta riga ta ware kujerar ga yankin Yarbawa, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola. Shi kuwa ya bi ƴan majalisa ɗaya bayan ɗaya, har da na adawa, ranar ƙuri'a ya samu 252, ita 90. Ka ga tun nan ba takardar digiri ce ta yi aiki ba, iya zama da mutane ne.

Amma inda lauyan cikinsa ya fito sarai, a ganina, shi ne ƙarshen 2014, kuma nan nake so ka karanta wa yaron a hankali. Ranar 28 ga Oktoba, yana zaune bisa kujerar kakaki, ya bayyana cewa ya bar PDP ya koma APC, nan take kuma aka ɗage zaman majalisa zuwa Disamba. Tsarin mulkin Najeriya ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu gida biyu. To wa ke da alhakin zartar da wannan hukunci a majalisar wakilai? Kakaki. Wato shi kansa. In kuma tsige shi za a yi, sai an tara kashi biyu bisa uku na wakilai 360, abin da PDP ba ta da shi a lokacin. Gwamnatin Jonathan ta janye masa ƴan sandan da ke gadinsa. Ranar 20 ga Nuwamba aka rufe ƙofar majalisa, aka harba barkonon tsohuwa, duniya ta ga manyan mutane da manyan riguna suna haura ƙofa. Duk da haka ya ci gaba da zama kakaki har ƙarshen Mayun 2015, lokacin da ya tafi hawa kujerar gwamna. Wasu sun kira abin jarumta, wasu sun ce wayo ne kawai. Ni dai na ce mutum ne da ya karanta dokar har ya san inda ɗinkinta bai kama ba.

Da a nan gida ne, da ba a kai ga wannan dambarwa ba. Tsarin mulkinmu na 2010 bai bar ƙofa ba: depiten da ya ajiye katin jam'iyyarsa ya bar kujera, mataimakinsa ya hau. Kai ma ka tuna yadda ake ta ƙorafin yawon siyasa a lokacin.

Gwamnan Sakkwato kuwa ya zama a 2015, ya gaji Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya share masa hanya. Ba a jima ba suka raba gari. A Agustan 2018 ya koma PDP, ya nemi tikitin shugaban ƙasa a Fatakwal, ya zo na biyu bayan Atiku. Ya dawo gida ya tarar da tsohon mataimakinsa, Ahmed Aliyu, yana jiran sa a filin zaɓe da goyon bayan Wamakko. Zaɓen 2019 bai kammalu a zagayen farko ba, sai da aka sake a wasu rumfuna, kuma tazarar da ya ci da ita ƙuri'a 342 ce, a zaɓen da su biyun suka tara ƙuri'a sama da miliyan guda. Rumfa guda ta isa ta juya abin. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, ta tabbatar masa a Janairun 2020. A 2022 ya sake fitowa neman shugabancin ƙasa, a tsakiyar taron fid da gwani a Abuja ya janye ya ce a zaɓi Atiku, abin da Wike, gwamnan Ribas na lokacin da shi ma ke neman tikitin, bai yafe ba. A 2023 ya tafi majalisar dattawa daga Sakkwato ta Kudu, shi ma sai da aka yi zaɓen cike gurbi, Ahmed Aliyu kuma ya karɓe gidan gwamnati.

Yanzu ga abin da ke cina. In ka tambayi ɗan kasuwar Illela ko direban da ke lodin Ƙonni zuwa Sakkwato me shekara takwas ɗin nan suka canza masa, amsar ba ta kai tsawon jerin muƙaman ba. Gaskiya ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi tun farkon mulkinsa, kuma ba zan hana shi ladan wannan niyya ba. Amma a 2022 hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta fitar da rahoton talauci, Sakkwato ce a sahun gaba da kashi 91 cikin 100. A shekarun nan ne kuma ƴan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa, har mutane suka kwararo mana nan Bangi ta ƙasar Madawa da ƴan ƙullin kayansu. Masu kare shi za su ce ƴan sanda da soja na hannun Abuja, gwamna ba ya ba su umurni, kuma haka ne. Sai dai wanda ya iya tsallake tarkon jam'iyya mai mulki yana kakaki, mutane na da hakkin su sa ran zai nuna irin wannan basira a kan rijiya da asibiti da aji.

Kada kuma yaron ya ɗauka shi kaɗai ne. Godswill Akpabio lauya ne, ya yi gwamnan Akwa Ibom, ya zama shugaban majalisar dattawa a 2023. Seriake Dickson na Bayelsa ma lauya ne, ya yi gwamna, ya zama sanata. Majalisar dattawan can, mai kujera 109, ta zama inuwar da tsofaffin gwamnoni ke hutawa. Wamakko kansa yana ciki tun 2015. Ba zan yi musu rashin adalci ba dai: a Agustan 2023, lokacin da ake maganar turo mana sojan CEDEAO, wannan majalisa ce ta ce wa Tinubu a bi hanyar sulhu. Mu da ke da dangi a kowane gefen iyaka ba mu manta ba.

Abin da yaronmu bai lura da shi ba, wannan tsani babu shi a Nijar. Gwamnan Tawa ba zaɓensa ake yi ba, daga Yamai ake naɗo shi, haka yake tun kafin soja su karɓi mulki. Majalisar dattawa kuwa ba mu taɓa zama da ita ba. Tsarin mulkin Tanja na 2009 ya tanade ta, juyin mulkin Fabrairun 2010 ya tafi da ita tun ba ta zauna ba. Sannan shari'ar da ake koyarwa a Sakkwato ta gadon Ingila ce, haɗe da shari'ar Musulunci, da Turanci. Kotunanmu da na can inda kake duk bisa tsarin Faransa suke. In ya kwashe shekaru a Sakkwato ya dawo, sai ya sake sabon zama kafin ya tsaya gaban alƙali a Tawa ko a Abijan.

Shawarata, in lauyancin yake so tsakani da Allah, ka bar shi ya yi, sana'a ce mai mutunci, kuma ga rigingimun gona da gado da filaye sun cika mana gari babu mai tsaya wa talaka. Akwai sashen shari'a a jami'ar nan ta Tawa, akwai a Abdu Mumuni ta Yamai. Ya dage kan dokokin kasuwanci na OHADA, wato na bai-ɗaya da wasu ƙasashen Afirka ke aiki da su, tun da Nijar da Kodebuwa duk suna ciki, ko don harkar shagonka ma zai yi maka rana. In kuwa jiniya da jerin motoci ne ke ransa, ka tambaye shi a hankali, ba da faɗa ba, ka ji wane irin aiki yake hango kansa yana yi da safe in ya shiga ofis.

In ka amince, ka turo shi lokacin hutu ya zauna wurina. Akwai wani lauya da muke salla masallaci ɗaya, zan roƙe shi ya riƙa tafiya da shi kotu ya ga aikin da idonsa. Ɗaki na nan, abinci ba matsala.

Ka gaishe da Hajiya da yara, da mutanenmu na kasuwa. Ka sanar da ni ko za ka samu zuwa babbar salla, don maganar rufin gidan tsohuwa na jiran ka.

Wassalam,
naka amini, daga Tawa.